Tulu a Kafaɗa, Suna a Ƙasan Shafi

Birnin Gwari,
Cikin hutun damina.

Zuwa ga Yayana Isiyaku,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar mu. Inna da Baba suna gaishe ka. Allah Ya tsare ka a Zariya, Ya tsare ka a jirgin ƙasa zuwa Ikko, Ya tsare ka bisa ruwan da za ka hau zuwa Ingila, Ya kuma dawo mana da kai tare da ilmin da ka je nema.

Yaya, kafin kome ina roƙon gafara. Ban taɓa rubuta maka abin da ya wuce gaisuwa ba, na kuma san ba wurin ƙanwa ba ne ta zaunar da wanta ta ce masa ga yadda zai yi. Na ɗauki alƙalamin nan na ajiye ya fi a ƙirga. Inna ce ta tsare ni. Ka san kai ne ɗan farinta, ba za ta iya kallon idonka ta yi maka doguwar magana ba. Ko sunanka ba ta kamawa, sai dai ta ce Mai Gawayi. Ga shi kuma ba ta yi boko ba. Shi ya sa ta ce in zama bakinta. Inda ka ga magana ta zauna daidai, tata ce. Inda ka ga ta yi tsawo ko ta kauce hanya, tawa ce, ka yi mini haƙuri.

Littafin da ka zana, na Tanko Maharbi, ya iso ranar kasuwa, direban motar wasiƙu ya miƙo shi. Sai da Inna ta wanke hannu ta goge kafin ta taɓa. Muka zauna a rumfa, ina karantawa, ita da Baba suna kallon hotuna. Baba ya yi ta dariya a wurin da Tanko, mai saƙar asabarin nan da yara ke tsokana a kasuwa, ya shiga bukka ya fito da warki da baka, ya tare giwaye a bakin gonar dawa. Ya ce duk daɗewarsa yana aikin malamin daji a Kamuku, bai taɓa ganin wanda ya zana fushin giwa yadda yake ba sai kai.

Da muka kai ƙarshe Inna ta ce, "To, ina inda ake sa sunan mai aiki?"

Na nuna mata ƙasan shafi.

"Karanta mini."

Yaya, da na iya ƙarya da ranar nan na yi ta. Na ce, "An rubuta I. Zariya."

"Wane ne kuma I. Zariya?"

"Yaya ne, Inna."

"Ikon Allah," in ji ta. "Yaushe aka haife shi a Zariya ban sani ba? Ni dai na san ɗakin da na durƙusa."

Ta tashi ta koma madafa, ta shiga tankaɗen garin da ta riga ta tankaɗe.

Ni na san dalilinka, don abin da ke cinka yana cina. Tun ranar da malamin elementare ya rubuta sunan gari a bayan sunanmu, kamar yadda ake yi wa kowane ɗan makaranta, muke jan abin nan. A makarantarmu in aka kira Ramatu Birnin Gwari, sai in ji ƙus-ƙus a baya: "Bagwariya, ina doyarki?" "Yi mana Gwaranci mu sha dariya." Wata 'yar ajinmu ta taɓa tambayata, da gaske ba da wasa ba, wai ko muna sa tufafi a garinmu. Ba su ma san marigayiya Kaka, mahaifiyar Inna, Bagwariya ce ta ainihi mai ginin tukwane a ƙauyen bayan Kutemeshi ba. Da sun sani da na shiga uku. Kai ma ka gaya mini a gidan ɗab'i na Zariya sukan fara dariyar sunan kafin su buɗe zanenka. Saboda haka ban ga laifinka ba.

Abin da ya tayar wa Inna hankali shi ne da Baba ya ce kafin ka hau jirgi za a yi maka fasfo, sunan da aka sa a ciki kuwa shi zai bi ka Ingila, ya biyo ka gida, ya hau kan 'ya'yanka. Baba ya ce kai namiji ne, ba zai sa baki ba. Inna kuwa sai tankaɗe.

Da ta gama tankaɗe ta koma kan wake, sai na zauna kusa da ita ina taya ta tsince wake, na ba ta wani labari. Shi nake so in ba ka kai ma, don ya shafi sana'arka.

Ka tuna littattafan jarumai na Amirka da na kawo maka hutun bara, masu hoto gida-gida, magana na fita daga bakin mutane cikin kumfa, waɗanda ka yi ta kwaikwayo har fensirinka ya zama guntu? Na ce maka na malamarmu ta Turanci ne. Sunanta Hanna, mu muka mai da ita Malama Hannatu, ta kuwa karɓa. Ƙanenta ne ke aiko mata da su, ita kuma takan ba mu ranar Asabar don bakinmu ya saba da Turanci. A cikinsu akwai wanda ka fi so, mai gugar tufafi a shagon tela, wanda in masifa ta taso yakan yafa shuɗin mayafi ya fita ceton mutane. Kai ka koya mini in riƙa kallon hannuwa a zane, ka ce nan ake gane gwani. Da na kalla sai na lura da wani abu. Duk lokacin da jarumin nan zai fita daga ɗakinsa, sai ya taɓa jikin ƙofa ta dama da yatsunsa. Ko gobara ake yi, ko gada ce ke karyewa da mutane a kai, sai ya taɓa. Babu kome a wurin kuwa, katako ne kawai.

Na daɗe ina son tambaya, kunya ta hana ni. Wata Asabar na tsaya tattara littattafan bayan kowa ya fita, na yi tambayar a hankali har sai da ta ce in maimaita. Ta cire tabarau, ta dube ni, ta ce da Hausarta mai tuntuɓe, "Ke kin gani? 'Yan mata da yawa sun karanta, ke kin gani." Sa'an nan ta ce, "Zauna, Ramatu. Wanda ya zana wannan ƙanena ne. Mu Yahudawa ne."

Ni a tafsiri kaɗai na san Yahudawa, ina ɗaukarsu mutanen da can ne, kamar Adawa da Samudawa. Ban taɓa zaton zan ga Bayahudiya tana tsoron ƙadangare, tana gyara mini jimla da jar tawada ba. Na ce, "Amma Malama, sunan da ke ƙasan shafi ba irin naki ba ne."

Ta ce, "Haka ne. Shi ne labarin."

Ta ce a gidan ubansu a Jamus, jikin ƙofa ta dama, akwai wani ɗan siririn gida na ƙarfe kamar tsawon yatsa, da aka naɗe ayoyin Attaura a ciki. Duk mai fita sai ya taɓa shi. Na ce kamar layar da Baba ya rataya bisa ƙofar ɗaki, ta ce kusan haka. Da aka fara farautar Yahudawa a ƙasar, kafin babban yaƙi, iyayen suka fitar da 'ya'yansu, ita Ingila, shi Amirka wurin kawunsu, da nufin su biyo baya. Ba su biyo ba. Sau ɗaya ta faɗi wannan, ba ta ƙara ba, ni ma ban tambaya ba.

Can Amirka yaron ya tashi yana zane. Manyan gidajen jarida da na talla ba su cika buɗe wa mai irin sunansa ƙofa ba, sai ya faɗa aikin littattafan nan, wanda ake rainawa ana cewa abin yara ne. Ya tarar da 'yan'uwansa Yahudawa cike da wurin, 'ya'yan teloli da masu ƙananan shaguna, waɗanda iyayensu suka gudo daga ƙasashe dabam-dabam. Ta ce da yawa cikin jaruman da muke karantawa daga hannunsu suka fito. Da yawansu kuma sun yanke sunayensu, ko sun sake su ɗungum, suka ɗauki irin na Turawan Ingila. Na ƙanenta ya zama gajere kamar tari.

"Amma duba abin da suka zana," in ji ta. Ta baje littattafan a tebur. "Wannan maraya ne. Wannan baƙo ne, tsintarsa aka yi. Kowanne suna biyu gare shi, ɗaya na kasuwa, ɗaya na gaskiya. Da rana yana sunkuyar da kai, ana ture shi, ba wanda ya san ko shi wane ne."

Na ce, "Tsintaccen jariri kam mun san shi. Annabi Musa, da uwarsa ta sa shi a akwati ta saka a kogi."

Ta buga tebur har na firgita. "Kin gani! Tun suna ƙanana suke jin labarinsa, da na fita daga hannun Fir'auna. Sun sake suna, sun sake tufafi, suka ɗauki alƙalami, sai ga Musa ya fito." Ta ce wasu da suka riga ƙanenta shiga aikin, tun kafin Amirka ta shiga yaƙi suka zana jarumansu suna naushin sojojin Jamus. Samari ne da ba su iya ceton danginsu da hannu ba, suka yi ta cetonsu da tawada.

Wai maigidan ƙanenta ya taɓa tambayarsa dalilin taɓa ƙofar, tunda tana cin wuri a shafi. Ya ce masa ai jarumin ƙarfi ne ya yi masa yawa, yana duba ne ko ginin zai jure in ya ja ƙyaure. Maigida ya yi dariya ya ƙyale shi.

Na yi ƙarfin hali na ce, "Malama, kina fushi da shi?"

Ta ce, "A'a. Da wannan sunan ya ci abinci, da shi ya yi aure. Wanda ya ga abin da suna ya jawo wa gidanmu ba zai zarge shi ba. Amma duk lokacin da ƙunshi ya zo, ƙasan shafi nake fara dubawa, ko wannan karon ya sa sunan ubanmu. Sa'an nan in nemi hannun da ke jikin ƙofa. Na farkon bai taɓa zuwa ba. Na biyun bai taɓa fashi ba."

Inna ta saurara har na gama, hannunta ya tsaya cikin wake. Ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah. Allah Ya ba ta haƙuri." Can ta ce, "Shi wancan yaro wuta ya guje wa. Nawa kuwa dariya." Ta ture kwanon wake gefe. "Ko da yake dariya ma tana ƙuna, ni na sani. Ɗauko mini littafin Mai Gawayi. Kada ki karanta, rubutu ya riga ya faɗi tasa. Bari in ji ta hoton."

Ta bi shi shafi-shafi da yatsa. Ta wuce giwaye, ta wuce Tanko, ta tsaya a wani ɗan hoto na gefe wanda ni ban ko kula da shi ba, inda uwar Tanko ke dawowa daga rafi.

"Ke, zo nan. Ina tulun matar nan yake?"

Na duba. "A kafaɗa, Inna."

"Wace Bazazzagiya kika taɓa gani da tulu a kafaɗa?"

Yaya, ban san ko da gangan ka yi ba, ko hannunka ne ya yi gaban kansa ya tuna daminar da ka sha yi a ƙauyen su Kaka. Amma ga matar nan ta ɗan karkata, hannu ɗaya ya tallabe tulun, a wuyan tulun kuma ga adon nan mai kama da ƙayar kifi wanda Kaka ke yi wa tukwanenta. Inna ta yi dariya har ta share ido, ta faɗi wata magana da harshen Gwari wadda ban gane ba, sa'an nan ta ce, "Uwata ce. Ya sa hannu Zariya, hannun ya tafi gidan uwata. Ɗauko alƙalaminki."

Ga maganarta nan, yadda ta faɗa, ban gyara ba.

"Mai Gawayi, ina gaishe ka. Labarin tuluna an sha ba ka shi ana dariya, yau ka ji shi daga bakin mai shi. Da aka kawo ni garin nan ina amarya, da kafaɗa na san kaya. A gidanmu ana cewa kai sarkin jiki ne, ba a ɗora wa sarki itace. Ranar da na fara zuwa rijiya na saɓa tulu yadda na iya, sai na ji wata cikin mata ta ce, 'To, an kawo wa malamin daji kayan daji.' Washegari na naɗa gammo, na ɗora tulu a ka, na miƙe wuya kamar zalɓe. Ban wuce bakin masallaci ba ya zame ya fashe, ruwa har cikin kunnena, a gaban dattawa. Na sake, ya sake. Kakarka ta wajen uba ta ce in ba a tsai da ni ba sai maginan tukwane sun ƙauro ƙofar gidanmu. Ba wanda ya ce mini dole in ɗauka a ka, ni na sa kaina. Daga baya na iya, har nakan saki hannu in tafi ina hira. Iyawar ba ita ce wauta ba, dalilin ne wauta. Na koya ne don in ɓace cikin mata, ba don in ƙaru ba, shi ya sa har yau in hadari ya taso wuyana ke fara sani. Kai ma za ka tarar da yadda Turawa ke cin abinci da yadda suke riƙe alƙalami. Ka koya, ka ma fi su iyawa. Amma duk abin da za ka koya, ka tambayi kanka, ƙari nake yi ko ɓuya?

"Na biyu gajere ne. Tafiyata ta farko Kaduna a mota, na ƙulle dafaffiyar doya a ƙunshi, na kasa kwancewa don kada a ce ga Bagwariya da doyarta. Na wuni da yunwa har jiri na ɗibata. Da mota ta tsaya, sai ga wani alhaji mai babbar riga durƙushe a bakin hanya yana cinikin doya, har yana roƙon gyara. In yunwa ta kama ka, ka ci abin da ke hannunka muddin halal ne. In ba ka san hanya ba ka tambaya. Mai dariya ba ya raka ka gida.

"Na uku kai ka fi ni saninsa. Giwar da ka zana da gawayi a bangon zaure ana gobe Salla. Na ga baƙi a bangon da na sha wahalar yaɓewa, ban tsaya kallo ba, na kwaɓa jar ƙasa na bi ta kai. Can sai ga ubanku ya shigo da abokan aikinsa, ya ɗebo su tun daga bakin daji su zo su ga giwar ɗansa. Suka tarar da ɗanyen yaɓe. Kai ba ka yi kuka ba, ka dai tsaya kana kallon bango yana bushewa. Daga ranar na koyi cewa kafin mutum ya shafe abu, ya tsaya ya tambaya ko akwai wanda ya taso daga nesa don ya gan shi.

"Yanzu ga maganar suna. Ba ni na raɗa maka Birnin Gwari ba, ba liman ba ne kuma, malamin makaranta ne ya liƙa maka. Don haka ba zancen na yafe ko ban yafe ba ne, abin bai kai nan ba. Zariya garin malamai ne, ba abin kunya ba ne ga mai shi. Amma ba naka ba ne, zanin aro kuwa ba ya rufe katara. Wata rana littafin nan zai faɗa hannun wani ɗa a Damari ko Kutemeshi. In aka karanta masa Zariya, zai ce ai irin wannan aiki sai mutanen birni, ya koma kiwon awakinsa. In aka karanta masa garinsu, zai tafi murhu neman gawayi. Shi ne wanda ya taso daga nesa.

"Ƙanen malamar nan ya bar wa yayarsa hannu a jikin ƙofa, ita ke gane shi. Kai ka bar mini tulu. Na gani, na gode, ni kam ya ishe ni. Amma kai ba wanda ke farautarka. Kana da halin da shi bai samu ba, na ka ba da duka biyun, hannun da sunan.

"Ka riƙe salla ko ba ka ji kiranta ba. An ce can rana ba ta da alkawari, sai ka tambayi masu agogo. Ka rufe ƙirjinka, tun kana ƙarami sanyi ba ya raga maka. In ka ga wanda harshensa ke tuntuɓe, kada ka yi dariya, ka tuna uwarka. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare gabanka da bayanka."

Nan ta tsaya, na ɗauka mun gama. Amma akwai abin da ya faru washegari.

An yi suna a gidan Iya Mairo matar mahauci, can ƙetaren kasuwa. Da hantsi Inna ta cika babbar ƙwarya da gero na gudummawa. Ta miƙa hannu ta ɗauko gammonta, ta dube shi, ta mai da shi kan ƙusa. Sai ta durƙusa ta saɓa ƙwaryar a kafaɗa.

Na ce, "Inna, ta kasuwa fa za mu bi."

Ta ce, "Da ta ina ake bi?"

Yaya, ba zan ɓoye maka ba, bayanta na bi, idona a ƙasa. Ina jin masu awo suna yanke ciniki a tsakiya suna kallo. Ita kuwa tafiya take yi irin wadda ban taɓa ganin ta yi ba, da sauri, kanta a sake, tana juyawa dama da hagu tana amsa gaisuwa. Ban san lokacin da na daina kallon ƙasa ba. Da muka kai layin teloli dai na ga kafaɗata na gogar gefen ƙwaryar.

Muna shiga gidan suna Iya Mairo ta tafa hannu. "A'a! Ladi! Yau kuma Gwarancin ne ya motsa?"

Inna ta ce, "Da ma bai kwanta ba, gyangyaɗi yake yi."

"Ko wuyan ne ya tashi?"

"Wuya lafiya lau. Sarki na ba hutu."

Mata suka kwashe da dariya, ita ma tana yi. Ta sauke ƙwarya, ta zaro littafinka daga cikin mayafi, ban ma san ta ɗauko shi ba. Ta buɗe shafin ba tare da ta nema ba. "Ku zo ku ga uwata. Har Ingila za a san da ita da tulunta."

Suka taru, kai na gugar kai. Wata tsohuwa mai jiran a gama tuwo ta ce, "Kai, wannan kamar ta yi magana. Wa ya zana?"

Na buɗe baki zan amsa mata, kamar yadda na saba duk inda zancenka ya taso. Inna ta riga ni.

"Isiyaku," in ji ta. "Isiyaku Birnin Gwari. Ɗana ne."

Wasu suka riƙe baki. Sai Iya Mairo ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Jama'a, Ladi ta kama sunan ɗan fari! Yau suna biyu muke yi a gidan nan, a ƙara tuwo!" Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, kunya ta kama ta kamar amarya, amma ba ta ce suɓutar baki ba ne. Da muka dawo, sai ta tsaya a ƙofar gida. Ta ce, "Ki rubuta masa har wannan. Kada ki rage."

To, ban rage ba. Tun da na zo duniya ban taɓa jin sunanka a bakinta ba, kai ma ba ka taɓa ji ba, ga shi an faɗe shi ba ka wurin. Na so a ce ka ji yadda ya fito, ba rawa, ba tuntuɓe.

Yaya, ban san abin da za ka gaya wa mai rubuta fasfo ba, kuma ba ni da bakin da zan ce ga abin da za ka faɗa. Ni dai in mun koma makaranta aka kira sunana, zan amsa da ƙarfi ko da muryata za ta yi rawa. Zan kuma nuna wa Malama Hannatu shafin uwar Tanko, ba zan ce mata kome ba, in ga ko ita ma za ta gani.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya kwantar maka da ruwa, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da sharrin baƙunta. Allah Ya sa albarka a hannunka.

In ban ɓata maka rai ba, ina roƙon ka yarda in sake rubuto maka bayan ka sauka. Na yi alkawarin ba za ta kai wannan tsawo ba. In ka yarda, ka aiko mini da adireshi, da kuma sunan da zan sa a bayan ambulan, don takarda ta san wanda take nema.

Ni ce ƙanwarka mai biyayya,
Ramatu Birnin Gwari.